Baba da Gahawar Italiyawa

Shekarar da Baba ya zo London neman magani ina shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Gwamnatin jiharmu ce ta turo mu, mu 'yan mata kaɗan, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Ina zaune a Catford, a ɗakin sama na gidan wata mata 'yar Filato da ke aiki a gidan waya. Kirista ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, Anti nake ce mata.

Baba mai manyan motoci ne. Da ƙwaya ɗaya ya fara, yana dakon gyaɗa daga Gusau zuwa Legas. Da zamanin siminti ya zo sai harka ta buɗe masa, motocinsa suka riƙa kwana a bakin tashar jiragen ruwa suna jiran kaya. Ya samu dukiya cikin 'yan shekaru, kuma a cikin shekarun nan ne cikinsa ya fara ciwo. Ranar da na tare shi a filin jirgin sama, babbar rigarsa ta yi masa yawa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Uwata, kin yi fari." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba.

Anti ta bar masa ɗakinta na ƙasa don kada ya sha wahalar hawa bene. Muka yi ta zirga-zirgar asibiti, a ɗebi jini yau, a ɗauki hoto gobe. Ranar da likita ya kira mu jin sakamako, ni ce tafinta, don Turancin Baba na tashar mota ne, bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Likitan ya manna hoton a jikin fitila ya fara bayani. Tun kafin ya kai ƙarshe na gane. Hanta ce, kuma ciwon ya riga ya bazu. Ya ce magana ce ta watanni.

Baba ya juyo gare ni. "Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki rage komai."

Na faɗa masa, ban rage ba. Na ji muryata tana fita daidai, irin wadda nake karanta rahoton majiyyaci da ita a gaban babbar nas.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Tambaye shi ko zan ci gaba da cin goro."

Likita ya ce ya ci duk abin da ransa ke so.

A cikin bas, kan hanyarmu ta komawa, na zauna ina jira in ji wani abu a zuciyata. Ban ji ba. Abin ya zame mini kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta: ina ganinta, ina taɓa ta, amma kamar ta wani. Na yi zaton zuwa gobe zai warware. Gobe ta zo na tashi na dama masa kunu, na wanke masa kaya, na tafi aji.

Baba ya ce shi a gida zai mutu. Aka yi waya da yayana, ya ce zai zo ya tafi da shi, amma sai bayan wata guda, don akwai abubuwan da sai ya daidaita. A cikin jiran nan nake fita da Baba kowane yammaci mu ɗan taka zuwa babban titi. Akwai wani shagon masu shirya tafiye-tafiye kusa da inda ake sayar da kifi, da hoton wani farin jirgin ruwa a tagarsa. Kullum sai ya tsaya a nan. Na ɗauka hutawa yake yi. Rannan sai ya ce, "Uwata, na ci arzikin jirgin ruwa iya ci. Na gan su jere a Legas har inda ido ya ƙare. Amma ƙafata ba ta taɓa taka ko ɗaya ba. Shiga ki tambaya."

Na shiga. Jirgin Italiyawa ne, na yawon shaƙatawa, yana tashi daga Southampton ya zaga ta Lisbon da wasu tsibirai ya dawo, kusan mako biyu. Da na gaya wa Anti, na zaci za ta ce hauka ne. Ta ci gaba da yankan albasarta ta ce, "Ki kama muku wuri kawai, 'yata. Makaranta ba gudu za ta yi ba." Na nemi hutu aka ba ni.

Jirgin ya fi duk wani gini da na taɓa shiga girma. Ma'aikatansa duk Italiyawa ne, sanye da fararen kaya, suna magana da baki da hannu lokaci guda. Abu na farko da Baba ya sa na tambaya shi ne alƙibla. Wani daga cikin manyansu ya ce tana sauyawa da tafiyar jirgi, amma zai sa a riƙa gaya mana kowace safiya. Bai taɓa mantawa ba.

Cin abincin yamma kashi biyu ne, muka zaɓi na farko, tun rana ba ta faɗi ba. An ce maza sai da kwat da laƙtayel. Baba ya saka shaddarsa fara da hula, babu wanda ya ce masa uffan. Aka haɗa mu tebur ɗaya da wani tsoho Ba'italiye da matarsa, kuma a nan za mu zauna har ƙarshen tafiya. Sun daɗe a London, suna da ɗan shagon abinci a Clerkenwell wanda ɗansu ya karɓa, shi ne ma ya biya musu wannan tafiya. Tsohon gajere ne mai farin gashin baki. Matar doguwa, ba ta cika dariya ba.

Na gaya wa mai kawo mana abinci cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya. Ya kawo taliya, ya kawo kifi, ya kawo 'ya'yan itace. Baba ya ɗan tsakuri kifin ya ajiye cokali. Da aka kwashe faranti ya dafa tebur zai tashi, sai tsohon ya ɗaga masa hannu ya yi magana da Turanci.

Na ce, "Baba, wai ba a gama ba. Saura gahawa."

"Ina take?"

"Wai ba a nan ake sha ba."

Muka bi jama'a zuwa wani babban ɗaki mai kujeru masu laushi da ƙananan tebura, ga tagogi suna kallon teku. A can gefe wani yana kaɗa fiyano a hankali. Kowa ya nemi wuri tare da waɗanda suka ci abinci tare. Sai ga ma'aikata da tire-tire. A gaban kowa aka ajiye ɗan finjali fari, bai fi rabin ƙwai girma ba, da ɗan cokali, da ƙaramin kofin ruwan sanyi. Gahawar baƙa ƙirin, da kumfa mai launin ƙasa a samanta, ko rabin finjalin ba ta kai ba.

Baba ya leƙa ciki ya ce, "Wannan ɗanɗano aka kawo, ko ita ke nan? Ce su kawo madara."

Na faɗa. Mai tiren ya tsaya cak, ya dubi matar tsohon kamar yana neman ceto. Ita ce ta yi mini bayani, ni kuma na juya wa Baba. A wurinsu madara ta safe ce. Wanda ya ci ya ƙoshi ba ya ɗora madara a kan abinci, ɓata ciki take yi. Ta ce da rana ta yi tsaka, madara sai jarirai.

Baba ya yi dariya, karo na farko tun ranar likita. Ya ce, "Gaya wa uwargida na ji. Ta nuna mini yadda ake yi."

Ta nuna masa. Ruwan ake fara kurɓa, don a wanke ɗanɗanon abinci daga baki. Sai sukari kaɗan, a juya. Ba a barinta ta huce, finjalin ma da ɗuminsa ake kawo shi. Kurɓa biyu ko uku an gama. Sukarin da ya kwanta a ƙasa a kwashe da ɗan cokalin. Daga nan sai zama da hira, babu mai gaggawar tashi. Ko wanda ba ya sha, in ji ta, yana zuwa ya zauna.

Ana cikin haka wani ma'aikaci ya zo da doguwar kwalba yana ɗiga wa mazan giya a finjalinsu. Da ya iso kan Baba, Baba ya rufe nasa da tafin hannu. Mutumin ya sunkuyar da kai ya wuce. Tsohon ya miƙa nasa, sai kuma ya dubi Baba ya janye. Har muka sauka daga jirgin ban sake ganin kwalbar a teburinmu ba.

Baba ya shanye tasa, ya yamutsa fuska, ya ɗan jira. Ya ce, "Ai wannan goronsu ne." Ya sa hannu a aljihu ya fito da goron da yake nannaɗewa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ɓare fari guda, ya miƙa wa tsohon ɓari. Tsohon ya tauna, idanunsa suka kawo ruwa, amma bai tofar ba. Baba ya nuna masa kofin ruwa. Ya kurɓa, ya ji zaƙin da ke biyo baya, ya girgiza kai yana murmushi. Daga ranar kullum haka suke yi, gahawa tukuna sannan goro.

Na san gahawa mai ƙarfi irin wannan ba ta dace da cikinsa ba. Na sani sarai, an koya mana. Ban hana shi ba. Ni ma ina shan tawa yadda matar ta nuna, amma ba na jin ɗacinta, zafin kawai nake ji yana sauka. Suna hira ina fassara, idona kuma yana kan farin idon Baba da ke ƙara zama rawaya, da kumburin ƙafarsa a cikin takalmi.

A wannan zaman na bayan abinci na ji labaran da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ba da labarin yadda ya fara da karen mota, yadda yake kwana a ƙarƙashin mota a Jebba suna jiran a buɗe gada, da ranar da motarsa ta farko ta kife da buhunan gyaɗa ya zauna a bakin titi yana kallon mutanen ƙauye suna tsinta, ya rasa abin yi har ya taya wata tsohuwa ɗaura nata ƙunshin. Tsohon shi ma ya ba da nasa: ya zo London yana saurayi yana tura keken sayar da ƙanƙara mai zaƙi, lokacin yaƙin duniya na biyu aka tsare shi don kawai shi Ba'italiye ne, matarsa ta riƙe shagon ita kaɗai. Ina ɗaukar maganar wannan in kai wa wancan kamar mai miƙa kwano ta katanga. Wani lokaci sai bayan na gama fassara nake tuna cewa mahaifina ne ake magana a kansa.

Jirgin ya tsaya a Lisbon, ya tsaya a tsibiran. Mutane suna sauka su dawo da huluna da kwanduna. Mu sau ɗaya muka sauka, Baba ya zauna a kan wani benci a bakin ruwa yana kallon yadda ake sauke kaya daga wani jirgin dako, yana cewa aikinsu ya fi na Legas tsari. Abin da nake iya tunawa da garuruwan ke nan.

Wata rana da hantsi ina tsaye a saman jirgi, matar tsohon ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta tambaye ni me ke damun Baba. Na gaya mata sunan ciwon da inda ya kai, da abin da zai biyo baya, dalla-dalla. Ta saurara har na gama. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce ya yi sanyi, in riƙa sa safar hannu. Na ce to. Muka tsaya muna kallon ruwa har aka buga ƙararrawar abincin rana.

Ana saura 'yan kwanaki mu dawo, teku ta ɗan yi fushi, Baba ya wuni yana amai. Likitan jirgin ya zo ya yi masa allura. Da yamma ya kasa tashi, na zauna da shi a ɗaki ban je cin abinci ba. Can sai aka ƙwanƙwasa. Tsohon ne, riƙe da tire da kansa, matarsa a baya. Ma'aikacin da ya kamata ya ɗauko yana biye da su yana ta magana da harshensu, tsohon bai kula shi ba. Finjali huɗu ne a kai, da kofunan ruwa.

Ɗakin ƙarami ne. Matar ta zauna a gadona, tsohon ya zauna a kan akwatinmu. Na tallafi Baba ya jingina da matashi. Ya kurɓi ruwa, ya sa sukari ya juya, ya ɗaga finjalin zuwa hancinsa ya daɗe yana shaƙa. Ya taɓa shi da leɓe ya ajiye.

Ya ce, "Gaya wa abokina na sha."

Na faɗa. Tsohon ya ce ya gani.

Baba ya ce in ɗauko goro a aljihun rigarsa. Guda ɗaya ya rage, ya fara bushewa. Ya ce in ba tsohon duka. Ba su yi hira ba ranar, babu abin da zan fassara. Suka zauna har hasken taga ya yi ja, Baba ya ce lokacin magariba ya yi, suka kwashe tirensu suka fita.

Washegari ya ji sauƙi, har ya koma babban ɗakin sauran kwanakin. A Southampton muka rabu da su a bakin jirgin ƙasa. Tsohon ya kwatanta mini inda shagonsu yake, ya ce lallai mu zo. Ya rungume Baba, abin da ban taɓa ganin wani namiji ya yi masa ba. Baba ya tsaya ƙiƙam, hannuwansa a sake, daga baya ya ɗan bubbuga masa baya.

Ba mu je shagon ba. Yaya ya iso bayan mako guda. A filin jirgi an ɗora Baba a keken marasa lafiya. Na durƙusa a gabansa ya dafa kaina ya ce, "Uwata, ki gama karatunki. Kada ki taso saboda ni. Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Na tsaya har suka shige, sannan na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na wuce asibiti, don ina da aikin rana.

Baba bai kai watannin da likita ya faɗa ba. Wata safiyar Asabar wayar gidan Anti ta yi ƙara, ta ɗauka, na ji ta ce, "Allah ya jiƙansa," sannan ta kira ni. Muryar Yaya tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ce an riga an kai shi, jiya bayan la'asar. Na ce Allah ya gafarta masa. Na tambayi mutanen gida. Da na ajiye wayar Anti tana kuka a jikin bango, ni na kawo mata ruwa.

'Yan Arewa da ke London suka yi ta zuwa gaisuwa, ɗalibai daga Bloomsbury, matan ma'aikatan ofishin jakadanci, har 'yan cocin su Anti daga Plumstead da tukwanen shinkafa. Kowa yana yaba haƙurina. Wata Hajiya ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai tawakkali irina ba. Na yi mata godiya.

Sai da sanyi ya shigo na je Clerkenwell. Na ga ya kamata tsohon nan da matarsa su sani. Shagon ɗan ƙarami ne, tagarsa ta yi gumi. Ɗansu ne a bayan kanta, tsohon yana zaune a kusurwa da jarida. Da ya gan ni ya miƙe, ya dubi bayana, ya ga ni kaɗai ce. Ya koma ya zauna. Na gaya masa. Ya kira matarsa daga sama, na sake faɗa mata. Matar nan da ba ta cika nuna komai a fuska ba ta zauna ta rufe ido da gefen rigar girkinta, tana kuka. Na tsaya ina kallonta, ina tunanin ko ya kamata in dafa ta.

Suka hana ni tafiya sai na ci abinci. Na ci miya da burodi. Sun tambaye ni yadda ake jana'iza a wurinmu, na bayyana musu: wanka, likkafani, salla, a binne a ranar. Tsohon ya ce da sauri haka. Na ce e, haka ake yi.

Ya raka ni har tashar bas, ana yayyafi, yana riƙe mini laima ko da yake na fi shi tsawo, hannunsa a miƙe sama. Bas mai hawa biyu ta zo na shiga, na hau bene na zauna a gaba. Mun yi nisa kafin na lura titunan ba waɗanda na sani ba ne. Ba tawa na hau ba. Ban sauka ba. Na zauna har ƙarshen layi, wata unguwa a arewacin gari mai jerin gidaje iri ɗaya, inda kwandasta ya hawo ya ce mini nan ce tasha ta ƙarshe. Na sauka na tsallaka titi, na jira wadda za ta koma.

Na gama karatuna a shekarar da ta biyo. Na yi aikin jinya a gida har na yi ritaya, na zauna a gefen gadon mutane da yawa, na gaya wa iyalai da yawa abin da likita ya ce. Da na koma Gusau Yaya ya kai ni bakin maƙabarta ya nuna mini daga nesa wajen da aka sa Baba. Damina ta riga ta daidaita ƙasar, Yaya kansa bai tabbata wanne ne ba.